Neman kalma: yaya za a ce "wine country" a shirin rediyo?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe tara za a naɗi shirin yawon buɗe ido kan Afirka ta Kudu, kuma rubutun na hannuna. Tafiyar kwana biyu ce a mota: daga Cape Town a bi babbar hanyar N2 a shiga hanyar R310 zuwa garin Stellenbosch, wajen kilomita 50, a kwana, washegari a haura mashigin dutsen Helshoogte a gangara Franschhoek, a komo ta Paarl a kan N1. Kalmomi uku suka tsaya mini: "wine country", "winery", "wine tasting". A taimaka kafin dare.

Malamar Hausa: Wa'alaikumus salam. Na farkon ki ce "yankin gonakin inabi". Kar ki sa "ƙasa", mai sauraro zai ɗauka wata ƙasa ce mai tuta da shugaba. Ita tafiyar kuwa "ɗan balaguron kwana biyu a mota" ya wadatar.

Malamin gona: Malama, da saura. Gonakin inabi akwai su a Hunkuyi ta Kudan, amma inabin ci ne, ana kai shi kasuwa a kwando. Na Stellenbosch iri ne daban: 'ya'yan ƙanana, ɓawon da kauri, ƙwaya a ciki, zaƙin ya fi yawa. Ana barinsa a jikin kuringa har sukarin ya kai kamar giram 220 a kowace litar ruwansa, don kusan giram 17 ne ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, ka ga an tashi da kashi 13. Girbinsu daga ƙarshen Janairu ne zuwa Maris ko Afrilu, lokacin zafinsu, ruwan sama kuwa a lokacin sanyi yake sauka musu. Ki ce "yankin gonakin inabin giya".

Edita: Haka ne. Kuma ina jan kunne kan "ruwan inabi". Littafi Mai Tsarki na Hausa da shi yake kiran wannan abin sha, masu karanta shi sun gane nufin. Amma mafi yawan masu sauraronki in sun ji ruwan inabi, lemon kwali za su hango. Mutum ya isa can a miƙo masa kofi ya karɓa da bismilla, alhakin yana wuyan wanda ya rubuta shirin. Giya ce, a ce giyar inabi.

Ɗan nahawu: Allah ya gafarta malam, duk wannan jera kalmomi ne, ba raɗa suna ba. Hausa na da ma'auninta na sunan wuri: rina, marina, jeme, majema, saƙa, masaƙa, ƙera, maƙera. To tsima, matsima. Ga "winery" a kalma ɗaya, jam'i matsimai. Yankin kuma "yankin matsimai".

Malamin gona: Ginin kalmar daidai ne, aikin ne bai dace ba. Tsimi jiƙo ne, ka zuba saiwa ko sassaƙe a ruwa ka bari ya jiƙu. A can ba a ƙara ruwa. Ana cire itacen nonon inabin, a murƙushe 'ya'yan, yisti ya cinye sukarin ya mai da shi barasa da iska. Jar giya da ɓawon ake barinta ta tashi, mako ɗaya zuwa biyu, a zafin digiri 25 zuwa 30, daga ɓawon launin yake fitowa. Fara kuwa tun farko ake matse ruwan a raba shi da ɓawo, a riƙe shi a sanyi. In zafin tankin ya haura 35 yistin na iya mutuwa, aikin ya tsaya rabi, sukari ya rage. In iska ta samu shiga ganga, ƙwayoyin cuta su juya ta ta koma ruwan khal. Shi ya sa suke cika gangar itacen oak mai lita 225 har baki, suna ƙara mata duk lokacin da ta ragu. Ba a kuma dafa ta kamar burkutu, don haka "madafa" ma ba ta shiga.

Malamar Hausa: Ban da haka, ɗan'uwa, ka san abin da mata ke kira tsimi. Ka ce matsima a rediyo, can hankalin rabin masu sauraro zai tafi.

Ɗan nahawu: Kowace sabuwar kalma da baƙunta take farawa. Matsalarmu ke nan, mun fi son mu ja jimla mai kalma biyar da mu amince harshenmu zai iya haifar kalma ɗaya. Su mutanen can da harshensu na Afrikaans suke kiran abinsu, ba su jira izinin kowa ba. Mu kuwa sai mun ji daga bakin gidan rediyon waje sannan kalma ta zama Hausa.

Edita: Ba raina harshe ba ne, Malam. Kalmomi nawa aka ƙirƙira a taron masana suka kwanta a takarda, ba wanda ya taɓa furta su a tasha ko kasuwa? Kamus na da filin da zai yi bayani a ƙasan kalma. Mai gabatar da shiri daƙiƙa uku gare shi, in ba a gane ba ta wuce.

Ɗan nahawu: To wa ya naɗa 'yan jarida sarakunan Hausa? Ku ne kuka cika mana kunne da aron da ba a bukata.

Malamar Hausa: Don Allah a bar wannan, baiwar Allah na jiran amsa. Saura "wine tasting". "Ɗanɗanon giyar inabi" ne, kada a ce "sha", don ɗan kaɗan ake zubawa a gindin kofi, kala huɗu ko biyar, ga kuma mazubin da ake tofarwa. Ki ƙara jimla ɗaya: a hagu suke tuƙi, kuma dokarsu ta hana tuƙi in barasa a jini ta kai giram 0.05 a mililita 100, shi ya sa masu ɗanɗanon ke ɗaukar direba ko su hau taragon yawon Franschhoek.

Edita: In da fili ki sa tarihin. A 1659 aka fara matse inabi a Cape, aka kafa Stellenbosch a 1679, Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka iso a 1688, daga su Franschhoek ta samu suna. Bayi ne suka yi aikin gonakin, daga baya kuma aka daɗe ana biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya. Kalmar da ta ɓoye giyar za ta sa wannan bayanin ya rasa kan gado.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Na rubuta "yankin gonakin inabin giya" a farko, daga nan "yankin" kawai. "Ɗanɗanon giyar inabi" ya shiga. "Winery" na sa "gidan sarrafa giyar inabi", ko da yake ya yi mini tsawo a baki, sau shida zai fito.

Ɗan nahawu: A yi da shi don goben. Amma ban janye matsima ba, kuma "sarrafa" ɗin nan masana'antar taliya take kawo mini a rai. In an dawo kan maganar, a duba "mamatsa" daga matsa.

Malamin gona: Mamatsa injin matsewar kaɗai za ta kama, Malam, ta bar tankuna da ɗakin gangunan a waje.