Neman shawara: wa zan rubuta a kujera ta takwas kafin wasannin rukuni?

Ɗan Fagge a Amurka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bin ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ku taimaka min, kaina ya ɗaure kuma lokaci ya ƙure.

Digiri na biyu nake yi a fannin lissafi, a wata ƙaramar jami'a da ke matakin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Tun ina yaro a Kano nake buga kwando, gwiwa ce ta hana ni ci gaba. Da na zo nan, sanyi da kaɗaici suka sa nake zuwa zauren wasa in zauna can sama ina kallon atisaye. Wata rana mataimakin koci ya hau ya same ni, ya tambayi abin da nake karanta, ya ce in zo in riƙa taya su yanka bidiyo da tattara alƙaluma. Ba a biya na ko sisi, sai riga da abinci in an yi tafiya, amma wallahi da zuciya ɗaya nake aikin.

Yanzu mun gama wasannin share fage na Nuwamba da Disamba, farkon Janairu za mu shiga wasannin rukuni, wato karawa da makarantun da muke rukuni ɗaya da su. Duk wannan lokacin koci mutum 11 yake sakawa, kowa ya ɗan taɓa. Ya ce daga yanzu karɓa-karɓar ba za ta wuce mutum 8 ba, kuma mataimakin ya ce in kawo masa takarda shafi ɗaya ranar Litinin kan abin da alƙaluma suka nuna. Bakwai ɗin farko babu gardama. Na takwas ne matsalar. Akwai ɗan shekarar ƙarshe, mai raba ƙwallo, hannunsa ba ya zubar da ita amma jifansa ya mutu bana. Akwai kuma wani dogon yaro ɗan shekarar farko, Bahaushe ɗan zangon Kumasi, wanda duk Juma'a a ɗakina yake cin tuwo. Mahaifiyarsa ta kira ni da kanta ta ce ta ba ni amanarsa. Lissafina ya nuna in yana cikin fili muna cin maki fiye da yadda ake ci mana. Sai dai yana da yawan fawul, jifan kyauta kuma sai a hankali. In na rubuta sunansa ina tsoron a ce son kai ne. In ban rubuta ba, da wane ido zan kalle shi ranar Juma'a?

Kocin Unguwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ajiye zancen tuwo tukuna, ɗauko biro. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, minti 200 ke nan, babu ƙari sai in an yi kunnen doki. Biyar na farko in kowa ya ci 30 sun kwashe 150. Na shida ya ɗauki 20, na bakwai 17 ko 18. Me ya rage wa na takwas? Minti 12, wani lokacin ma ba ya kaiwa. A minti 12 ba a neman gwani, mutum ake nema wanda ba zai ɓata abin da aka gina ba. Rubuta mai raba ƙwallon, ka kwanta ka yi barcinka. A ƙananan rukunoni masu riƙe ƙwallo ne ke cin wasa. Ka tuna 2023, Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ta fi kowace gajarta a matakin farko, ta fitar da Purdue 63 da 58 duk da dogon Purdue, Zach Edey, yana tsaye a ƙarƙashin kwando. Tsawo ba ya riƙe ƙwallo in an matsa.

Injiniya Sokoto:
Kafin a yanke hukunci, Malam, ba ka faɗa mana da su wa kuka buga ba. Ƙananan makarantu irin taku a Nuwamba iri biyu suke bugawa: su je gidan manya a biya su kuɗi a lallasa su, ko su gayyato 'yan ƙasan mataki su lallasa. Duka biyun ba sa nuna gaskiyar ɗan benci. Cire wasannin da ba na matakin farko ba. Cire duk mintocin da aka buga bayan wasa ya riga ya mutu. Sannan kada ka auna da minti, auna da yawan riƙon ƙwallo, wato sau nawa ƙwallo ta zo hannun ƙungiya: jifan da aka yi, a cire waɗanda masu jifan suka sake cafkewa bayan sun ɓaras, a ƙara zubar da ƙwallo, a ƙara jifan kyauta sau 0.475. Da irin wannan lissafin shafin alƙaluman kwando na KenPom ke aiki. Ka ga maki nawa ake ci muku a riƙo 100 in yaron yana ciki, nawa in ba ya ciki. Ina zargin in ka tace, abin da zai rage bai kai a gina hukunci a kansa ba.

Ɗan Fagge a Amurka:
Na gode Injiniya, ai duk na san wannan, aikina ke nan. Gaskiya ne mintocinsa da yawa a ƙarshen wasa ne, amma ba laifinsa ba ne, lokacin ake saka shi. Kuma akwai wasan da muka je gidan wata babbar makaranta, aka saka shi kafin hutun rabin lokaci saboda dogonmu ya ci fawul biyu. Na kalli bidiyon a hankali. Mai ƙwallonsu ya kutso sau biyu, ya ɗaga ido ya gan shi, ya juya ya mayar da ita waje. Wannan ba ya fitowa a takarda. Ba toshewa ba ce, ba cafkewa ba ce, amma jifa biyu ne da ba a yi ba.

Kocin Unguwa:
Kutse biyu a wasa ɗaya! Kai da kanka ka ce yana yawan fawul. A jami'a fawul 5 ne ka fita, ba 6 ba kamar NBA. Kuma fawul ɗinsa ba shi kaɗai yake cuta ba, ƙungiya ake rubuta wa. Da kun kai 7 a rabin lokaci abokan hamayya sun fara zuwa layin jifan kyauta, kun kai 10 jifa biyu ne kowane karo. Yaro ya shigo ya ci uku cikin minti shida, ya koma benci ya bar manya da wahala. Ga jifan kyauta. A Janairun 2018 Oklahoma da gangan suka riƙa yi wa Udoka Azubuike, dogon Kansas, fawul a ƙarshen wasa, kocinsa Bill Self ya ƙi cire shi, yana ta ɓaras da jifa har Kansas ta sha kashi. Azubuike fa, wanda ke danna ƙwallo a kwando yadda ya ga dama. A rukuni kowane koci yana da bidiyonku, yawancinsu sau biyu za ku haɗu, rauninka ba ya ɓuya.

Baban Ummi:
Ni dai wannan zancen ya taɓa min inda ke min ciwo. Ɗana yana wata kwaleji ta shekara biyu, bara haka aka yi masa. Disamba yana bugawa, Janairu na kamawa aka manta da shi a benci, ko kallonsa kocin ba ya yi. Yaron da ke tashi da asuba ya je jifa shi kaɗai. Wanda aka ba wurinsa kuwa kowa ya san dalili, ɗan garin ne, iyayensa suna zama a layin gaba. Muka yi ta kira ba a ɗauka. Uwarsa har ciwo ta yi. Ku masu takarda da biro ba ku san abin da layi ɗaya ke yi wa gida guda ba. Rubuta ɗan uwanka kawai, su ma nasu suke rubutawa.

Maman Khalifa:
Haba Baban Ummi, Allah ya ba ɗanka mafita, amma kada ka tura yaron nan ga abin da zai zubar masa da mutunci. Ɗana, amana biyu ce a wuyanka, ba ɗaya ba. Ta uwar yaron ita ce ka kula da cinsa da sallarsa da karatunsa, ba ta ce ka saka shi a fili ba. Ta kocin ita ce ka faɗi gaskiya. Kafin ka miƙa takardar ka gaya wa mataimakin cewa yaron ɗan gidanka ne, kowa ya san a inda kake tsaye. Kuma don Allah kada yaron ya ji daga bakinka cewa an ba ka wannan aikin.

Abba Zinder:
Yaya Koci, ina ganin girmanka amma ban yarda ba. Jami'ar Connecticut, wato UConn, ta 2023 fa? Adama Sanogo ɗan Mali ne ke farawa, dogo Donovan Clingan ɗan shekarar farko yana shigowa kusan minti 13, kuma waɗannan mintocin ne suka sa babu lokacin da abokan hamayya ke hutawa a ƙarƙashin kwando. Suka ɗauki kofi. Shekara ta gaba Clingan ya zama na farko suka sake ɗauka. Da an bar shi a benci saboda ƙuruciya, ina zai koya? Kuma wa ya ce dole sai 8? Koci John Calipari a kakar 2014 zuwa 2015 biyar-biyar ya fara sauyawa a Kentucky, suka ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta tsayar da su.

Kocin Unguwa:
Abba, Kentucky ɗin nan Karl-Anthony Towns na ciki, Devin Booker daga benci yake tasowa. Makarantar ƙanenmu tana da irin su? Kuma ko Calipari bai kai tsarin ƙarshe yadda ya fara ba, da Alex Poythress ya ji rauni a gwiwa cikin Disamba aka fara sassauta shi. Koci Jim Boeheim ya shekara fiye da 40 a Syracuse, sau da yawa da mutum bakwai yake tafiya. A jami'a ana tsayar da wasa don talla a ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4 na kowane rabi, yaro ɗan shekara 21 yana samun numfashi. Irin rukuninsu kuma yawanci ƙungiya ɗaya ce ke zuwa babbar gasar Maris, wadda ta ci gasar rukuni. Ba wurin renon yara ba ne. Na faɗa na ƙara, mai raba ƙwallo.

Sadiya M.:
Ni ban san ƙwallon sosai ba, amma ba za a iya ajiye shi bana ya yi shekarar jar riga ba, wato ya zauna bai buga ba don kada a ƙirga masa shekarar? Na ji an ce Hakeem Olajuwon ma bai buga shekararsa ta farko a Houston ba.

Injiniya Sokoto:
Gaskiya ne Hajiya, Olajuwon ya zauna kakar 1980 zuwa 1981, ta gaba ma daga benci yake shigowa. Amma shi bai taka fili ba a shekarar. Wannan yaron ya riga ya buga, kuma jar riga ta wanda bai buga ba ce, sai dai in rauni ne ya kwantar da mutum da wuri a nema masa rangwame. Abin da na fi jin tsoro ƙofar sauya sheƙa ce, wato tsarin da ɗan wasa ke bi ya koma wata makaranta. Tun da aka buɗe ta a 2018, kuma daga 2021 aka daina tilasta wa mai sauyin farko zaman shekara, dogon yaro da aka manta a benci ba ya daɗewa. Kocinku ma ya san haka.

Ɗan Fagge a Amurka:
Na gode muku duka. Mama, mataimakin ya san yaron yana zuwa wurina, kowa ya sani, ban ga amfanin in sake faɗa kamar mai neman gafara ba. Yaya Koci, ba wai ina ƙin mai raba ƙwallon ba ne, mutumin kirki ne, shi ke fara gaishe ni kullum. Amma cikin bakwai ɗin akwai masu riƙe ƙwallo uku. Dogo kuwa ɗaya ne tak, kuma idon sawunsa yana damunsa tun tsakiyar Disamba, kullum da ƙanƙara a ƙafa bayan atisaye. In ya fita, wanda ke komawa tsakiya ɗan gefe ne da ake turewa da kafaɗa ɗaya.

Abba Zinder:
To ai shi ke nan! Wannan ne ya kamata ka fara faɗa. Kujera ta takwas ta mai toshe ramin da ya fi girma ce.

Kocin Unguwa:
Sai yanzu kake faɗin dogonku yana ɗingishi? To ko da haka ban sauya ba. In dogon ya fita ku rage tsawo, ku koma tsaron yanki, biyu a gaba uku a baya, ku gudu da su. Na yi haka da yarana sau ba adadi. Gara gajeru biyar da suka san inda za su tsaya da dogo ɗaya da ke tsalle duk lokacin da aka ɗaga masa kafaɗa.

Baban Ummi:
Kullum haka ake cewa, bai san inda zai tsaya ba. A benci zai sani?

Malam Na Zango:
Akwai abin da ba wanda ya ambata. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai ƙarshen kaka, lokacin da wasa ya fi zafi. Yaron zai yi azumi? Kocin ya sani? Sanogo da azumi a bakinsa ya buga gasar 2023 har aka zaɓe shi gwarzon zagayen ƙarshe, amma makarantarsa ta tsara masa ci da sha. Ku fara wannan maganar tun yanzu, kada a zo a mayar da shi dalili.

Maman Khalifa:
Sani daban, ka faɗa da bakinka daban, ɗana. Ni dai na gaya maka.

Ɗan Fagge a Amurka:
Malam, zai yi in sha Allah, amma ba na so in sa wannan a takarda, ba alƙaluma ba ne. Na tace kamar yadda Injiniya ya ce, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma har yanzu yaron ne a gaba. Ina tunanin in rubuta sunayen biyu, in ce ya danganta da wanda za mu kara da shi. Ko hakan zai zama kamar na gudu daga tambayar? Mataimakin suna ɗaya ya ce.

Kocin Unguwa:
Suna ɗaya ya ce, suna ɗaya za ka ba shi. Su wa za ku fara haɗuwa da su a rukunin, a gida ko a waje, kuma dogonsu ya yake?

Injiniya Sokoto:
Riƙo nawa ya rage bayan ka tace? Faɗi adadin tukuna.