Neman masauki kusa da hanyar mashin ɗin ƙanƙara a arewacin Wisconsin

Baban Khalifa (Chicago)

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawara daga waɗanda suka san arewacin Wisconsin ko Michigan. Mu gida biyu ne, ni da maiɗakina da yara biyu sai wani abokina da iyalinsa, muna so mu je hawan mashin ɗin ƙanƙara na kwana uku a watan Janairu ko Fabrairu, ba mu da mashin namu haya za mu yi. An ce min Eagle River ce cibiyar abin toh na shiga intanet ina duba masauki amma kaina ya ɗaure, kowane otal da kowane gidan katako sai ya rubuta wai yana kusa da hanyar mashin, wani ya ce hanyar tana bakin ƙofarsa wani ya ce minti biyar ne, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne ko kusa. Ta yaya mutum zai gane wanda da gaske za ka tada mashin daga tsakar gida ka hau hanya? Motata ba ta da maƙalin tirela balle in ce zan ja mashin. Sannan maganar abinci da wajen sallah, wanda ya taɓa zuwa ya taimaka. Nagode

Ɗan Gumel (Green Bay)

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Wannan "kusa da hanya" da kake gani shi ne tarkon, dan kowa da abin da yake nufi da ita. Wani hanyar ce ta ratsa ta bayan gidansa, wani kuma ƙaramar hanya ce shi mai masaukin ya fitar ta haɗu da babbar kuma shi ne zai riƙa gyara ta, in bai gyara ba kai da ba ka saba ba ka nutse a dusa tun kafin ka kai, wani kuma nufinsa ka bi gefen titin mota na mil guda ko biyu, kuma ba kowane titi aka yarda mashin ya hau ba, sai wanda ƙaramar hukumar wurin ta sa wa alama. Mafi haɗari shi ne wanda zai ce maka hanyar tana tsallaken tafki. Yankin nan duk tafkuna ne, in ƙanƙarar kan ruwa ba ta yi kauri ba ko kulob ɗin masu kula da hanya bai kafa alamun tsallakawa ba toh masaukinka ya zama tsibiri kenan, kana ganin mutane suna wucewa can nesa kai kana zaune.

Kar ka tsaya ga rubutun shafi, ɗaga waya ka kira su. Ka ce ni ba ni da tirela, in na fito daga ɗaki zan iya tada mashin in hau hanyar da ake gyarawa ba tare da na taka kwalta ko kan tafki ba? Ka ce su faɗa maka lambar hanyar, dan hanyoyin nan suna da lambobi, sai ka buɗe taswirar gundumar Vilas inda Eagle River take ka gani da idonka. Wanda ya fara kame-kame yana cewa ai ba nisa ka ajiye waya ka nemi wani.

Tunda haya za ku yi ni a ganina ma wajen haya za ka fara nema tukunna sannan masauki. Akwai masu hayar da su kansu a kan hanya suke, ka ajiye motarka a wurinsu ka tuƙo mashin zuwa masauki, wasu kuma suna kawo maka har ƙofa amma da kuɗinsa daban. Kuma ba Eagle River kaɗai ba, ka duba St. Germain da Minocqua da Three Lakes duk hanyoyin a haɗe suke. Ka dai guji ƙarshen makon da ake gasar tseren duniya a Eagle River cikin Janairu, tun 1964 suke yin ta, garin cika yake maƙil ɗaki ya yi tsada in ma ka samu. Haka ma dogon hutun Litinin ta uku a Fabrairu.

Maman Hanifa (Minneapolis)

Yaya Baban Khalifa ni ta ɓangaren iyali zan yi magana tunda ka ce da mata da yara. Ku kama gidan katako mai kicin kar ku kama ɗakin otal, wallahi zai fi muku. Wuraren cin abincin da ke kan hanyoyin nan yawanci mashaya ce haɗe da gidan abinci, ba wanda zai takura maka amma da ƙananan yara ba daɗi kuma naman ka san zancen. Ranar Juma'a da daddare duk Wisconsin soyayyen kifi ake ci sai ka ɗauka ka tsira, toh ka tambaya dan sau da yawa da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, ka ce a gasa maka ko a kawo wanda ba a tsoma ba. Ku da kuke Chicago ma me za ku rasa, ku biya titin Devon ku sayi nama, uwargida ta yi miya ta daskarar a zuba a kula, tafiyar awa biyar zuwa shida ce ba abin da zai same ta a wannan sanyin. Ku tafi da filas babba na shayi.

Abu na biyu ka tambaye su wajen shanya kaya. Mutum takwas kowa ya dawo da jiƙaƙƙen takalmi da safar hannu da hular kwano, in gidan ba shi da ɗan ɗaki a bakin ƙofa mai hita ko injin busar da kaya toh da safe jiƙaƙƙu za ku mayar, kuma yaro in yatsunsa suka yi sanyi kuka zai fara tafiyar ta ƙare. Alwala kuma ku yi ta a gida kafin ku fita ku sa safa. Rana gajera ce a Janairu wajen huɗu da rabi magariba ta yi, shi ya sa masaukin da ke kan hanya ya fi, ku fita da hantsi ku dawo ku yi azahar ku ci abinci yara su ɗumama sannan maza su sake fita in suna da sauran ƙarfi.

Sani Mai Shayi (Kano)

Ikon Allah, mu nan hunturu ya ɗan busa mun shige bargo ku kuma kuɗi za ku biya a kai ku cikin firiza 😂 Allah Ya kiyaye hanya Alhaji, a turo mana hoto

Injiniya Bello (Houghton)

Baban Khalifa duk abin da Ɗan Gumel ya faɗa haka ne amma akwai abin da ya fi wannan, wato ita dusar kanta. Masaukin da hanya ta ratsa ta tsakar gidansa ba shi da amfani in ba a buɗe hanyar ba. Sanyin 2023 zuwa 2024 dusa ba ta zuba sosai ba a Wisconsin, hanyoyi da yawa ba a buɗe su ba sam, mutane sun biya kafin alƙalami tun watanni kafin lokacin. Saboda haka kafin ka tura ko sisi ka tambaya in gunduma ba ta buɗe hanya ba za a mayar min da kuɗina ko za a ɗaga min rana? kuma su turo maka a rubuce ta imel, haka ma masu hayar mashin. Ba mai otal ne ke buɗe hanya ba, gunduma ce da kulob-kulob na 'yan sa kai, su ne suke roƙon masu filaye izini su kafa alamu su fito da gireda cikin dare su baje dusar, shi ya sa ake tsananin hana fita daga kan hanya dan mutum ɗaya ya shiga gonar wani sai mai gonar ya rufe wa kowa. Shafin yawon buɗe ido na jihar yana da rahoton dusa gunduma-gunduma ka riƙa leƙawa.

In kana son inda dusa ta fi tabbas ka ƙara awa biyu a kan tafiyarka ka hauro mana nan yankin Keweenaw a arewacin Michigan. Iska ce ke ɗebo danshi daga tafkin Superior ta juye mana, a shekara ana samun sama da inci 200, kuma a Michigan lokacin hanyoyin daga 1 ga Disamba ne zuwa 31 ga Maris. Gadar da ta haɗa Houghton da Hancock hawa biyu ce, da sanyi ƙasan na masu mashin ne motoci suna bi ta sama, ka tsallaka ka miƙe arewa har Copper Harbor. Kudu kuma akwai hanyar Bill Nicholls tsohon layin dogo ce, shimfiɗaɗɗiya ba kwana da yawa, ta dace da sabon shiga, can wajen Mass City za ka bi ta kan dogayen gadojin jirgi na kogin Firesteel ka leƙa ƙasa cikinka ya juya. Amma gaskiya da yara ƙanana tuƙin mota zuwa nan cikin dusa ba wasa ba ne, ni da zan zaɓa maka karon farko ka yi Wisconsin ɗin in ta samu dusa, nan ka riƙe mu a matsayin madadin.

Sai takarda. A Wisconsin duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1985 zuwa sama sai ya yi kwas na kiyaye haɗari ya samu shaida kafin ya tuƙa a hanyar jama'a, manya suna iya yi ta intanet, kar ka bari sai ka isa wajen haya. Ka tambaye su ko sitikar hanya tana jikin mashin ɗin, da nawa za su riƙe a katinka na ajiya, da abin da inshorar ta ɗauka dan ɗan karce a jikin mashin kuɗi ne mai yawa. Da daddare kuma doka ba a wuce mil 55 a awa, kai da ka fara ma rabin haka ya ishe ka.

Baban Khalifa (Chicago)

Kai jama'a Allah Ya saka da alheri. Na kira wurare uku yau da tambayar Ɗan Gumel, na farko da hotonsa ya fi burge ni matar ta ce eh hanya tana nan amma ta kan tafki ake bi, na biyu ya ce sai na bi titi kaɗan da na ce nawa ne kaɗan ɗin ya ce bai taɓa aunawa ba. Na uku wajen St. Germain ya ba ni lambar hanya nan take na duba taswira na gan ta, akwai kicin da injin busar da kaya, sai dai ya ce kuɗi ba ya dawowa amma zai ɗaga rana in ba a buɗe hanya ba. Injiniya ni 1983 aka haife ni na tsira amma abokina da matan duk sai sun yi kwas ɗin. Maman Hanifa uwargida tana gaishe ki ta ce zancen miya ta karɓa. Tambaya ta ƙarshe, Khalifa shekararsa bakwai, a gabana zan sa shi ko a baya?

Ɗan Gumel (Green Bay)

A baya, ka karɓi mashin mai kujera biyu wanda ke da majingina da mariƙin hannu, ka tabbata ƙafarsa tana kaiwa matakin kuma a ba shi hular kwano daidai kansa ba ta manya ba. A gaba maƙurar mai da babban yatsa ake danna ta, yaro ya zame ya dafa ta mashin ya zabura da ku. Wasu masu hayar ma suna da ƙa'idar shekarun fasinja ka tambaya tun yanzu. In za ku iya ku kama daga Talata zuwa Alhamis, ɗaki ya fi sauƙi kuma hanya sumul, zuwa Asabar da yamma mashina sun tattake ta duk ta zama gargada bayan uwargida zai gaya mata. Ɗaga ranar da mutumin ya ce ka tambaye shi har zuwa yaushe, cikin sanyin bana kawai ko har na baɗi.