Takobin Kan'aniyawa mai lanƙwasa: wane suna za mu ba shi?

Mai Fassara: Jama'a a agaza, gobe da safe za a ɗauki shirin da nake fassarawa, ina neman sunan wani takobi da Hausa. Takobin tagulla ne na Kan'aniyawa, irin wanda aka haƙo a kaburburan sarakunan Jubail a Labanan da kuma Shekem kusa da Nablus. Misirawa na ce masa kofesh, Turawa sun jingina shi da lauje. "Takobin lauje" ya yi?

Ɗan Maƙera: Bai yi ba, Malam. Kaifin lauje a ciki yake, na wannan kuwa a bayan lanƙwasar. Tsawonsa santimita 50 zuwa 60, daga ƙota ya miƙe sannan ya tanƙware. Na sara ne, ba na suka ba.

Malamar Tarihi: Gaskiyarka, masana da dama ma na ganin daga gatarin yaƙi aka samo fasalinsa. Ni "takobin barandami" zan ce. A kuma kula kada a rubuta jan ƙarfe. Shi zalla laushi gare shi, sai an zuba masa kuza kamar kashi 10 cikin 100 yake riƙe kaifi, in ta yi yawa kuma ya yi gautsi. Jirgin Uluburun da ya nitse a gaɓar Turkiyya wajen 1300 kafin Miladiyya yana ɗauke da jan ƙarfe tan 10 da kuza tan 1, kusan wannan ma'aunin haɗin ke nan.

Kishin Harshe: Kullum sai dogon bayani kamar Hausa ba ta haihuwa? A ce "laujakobi" a huta.

Ɗan Maƙera: Ranka ya daɗe, mun gudu daga lauje ka sake dawo mana da shi. Ƙirar ma ba ɗaya ba ce: zuba wannan ake yi a mazubi, sannan a daddaki bakin da sanyinsa ya yi tauri. In dukan ya wuce kima ba a mayar da shi wuta ba, sai ya tsage.

Kishin Harshe: Da Bature ne ya ƙirƙiro ta da tuni kun haddace. Ina kansakali?

Malamar Tarihi: Wa zai ji kansakali ya hango lanƙwasa? Kuma ba kishi ake aunawa a nan ba, Alhaji.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. A karon farko zan ce "kofesh, wato lanƙwasasshen takobin tagulla mai kaifi a bayan lanƙwasar", daga nan kofesh kawai.

Kishin Harshe: Aro dai aka sake ci. To, na Misirawa ne ba na Turawa ba, da sauƙi. Amma laujakobi na nan.