Ramin Tsaye Ko Gangara: Muhawarar Mahaƙa a Zamfara

Mai rami daga Anka: Assalamu alaikum. Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disamba na 2024 muke shawarar yadda za mu shiga ƙasa, kuma ni dai na tsaya a kan cewa ramin tsaye irin na rijiya ya fi gangarar da motoci ke bi, domin kai tsaye yake dira kan jijiyar zinare.

Injiniya daga Gusau: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar gajarta ka yi gaskiya, domin gangara takan sauka mita ɗaya ne a cikin kowane mita bakwai, wato kafin a kai zurfin mita 100 sai an fasa dutse kusan mita 700. Sai dai ramin tsaye na zamani ba igiya da guga ba ne. Yana buƙatar injin ɗaga kaya da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kafin a kammala shi kuɗi kawai yake ci. A mahaƙar Mponeng ta Afirka ta Kudu, mai zurfin kusan kilomita huɗu, babu makawa sai shi, amma mu ba mu kai can ba.

Tsohon mahaƙi daga Maru: Injiniya, ka manta da damina da kuma hayaƙi. Bakin gangara a buɗe yake, ruwan Agusta kuwa ba ya sallama. Na taɓa sauka ramin da aka kunna injin jan ruwa a ciki, na ƙyasta ashana ta mutu nan take, da kyar aka jawo ni sama. To, ina ga tifa mai shan dizal?

Injiniya daga Gusau: Baba, wannan hujja ce mai ƙarfi. Ko a Chile, a 2010, gangara ce ta rufta, mutum 33 suka yi kwana 69 a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa nake cewa a yi gangara domin kaya, a kuma haƙa ƙaramin ramin tsaye mai tsani har sama domin iska da mafita.

Mai rami daga Anka: Ke nan na zo neman rami ɗaya, ka ɗora mini biyu. Ka kawo lissafin dizal ranar Asabar, Baba ma zai zo.