Me za mu kira "annealing" da Hausa?

Masu aikin ƙarfe da masana harshe, ku matso. Ina ƙera murfin da zai zauna tsakanin kujerun gaba na mota da fallen alminiyam, na zo yi wa yarona bayanin abin da Turawa ke kira "annealing", sai harshe ya kakare.

Ga abin da ake nufi. Alminiyam, in ka yi ta bugunsa da gudumar katako kana lanƙwasawa, sai ya riƙa tauri. Bugun farko yana bin hannu, can gaba ya fara gardama, in ka matsa sai ka ga siririyar tsaga a bayan lanƙwasar. Maganinsa a sa masa wuta, tsakanin digiri 340 zuwa 415 a ma'aunin Salshiyas gwargwadon nau'insa, a bar shi ya huce. Laushinsa ya dawo, a ci gaba da aiki.

Wani ya ce "narkarwa". A'a. Narkewa ita ce abin da muke gudu. Tsantsar alminiyam na narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ka ankara; kana kallo zai lotsa ya ɓule. Shi ya sa ake goga masa sabulu kafin a haska wutar gas, da zarar sabulun ya yi baƙi a janye.

"Ƙonawa" kuwa ɓarna take nunawa. "Ɗumamawa" ta yi sanyi da yawa, wannan wuta ta wuce ɗumi. "Tausasawa" ta kusa, amma ta faɗi sakamako ne ta bar hanya. Majemi ma yana tausasa fata ba tare da wuta ba.

Ni dai na tsaya a kan "gashin laushi". Gasawa ce, ana juya wuta a kan fallen a hankali har zafi ya game ko'ina, laushi kuma shi ne buƙata. Tana shiga baki ma: "Gasa shi ya yi laushi kafin ka lanƙwasa kunnen nan."

Na san a rubuce wani zai zaci gashin kai ake nufi. A baki ba a rikita su, na kai wasalinsa dogo ne.

Taurin da bugu ke jawowa kuma, ina ganin "taurin bugu" ya wadatar. Mai ja a kan wannan ya kawo tasa.