Yaya jam'iyyu ke gabatar da alƙalan zaɓe a gundumomin Amurka?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa a wasu jihohin Amurka jam'iyyun siyasa ne ke miƙa sunayen waɗanda za su kula da rumfunan zaɓe, ana kuma kiransu alƙalan zaɓe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya mai takara zai zaɓo wanda zai sa ido a kan ƙuri'arsa?

Ɗalibin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko, waɗannan ba alƙalan kotu ba ne, ma'aikatan rumfa ne masu tantance sunan mai jefa ƙuri'a da tabbatar da bin doka. A jihar Teksas, mai gundumomi 254, shugaban kowace babbar jam'iyya a gunduma yana miƙa jerin sunaye ga majalisar kwamishinonin gundumar, ita ce kuma ke yin naɗin. Babban alƙalin rumfa yana fitowa daga jam'iyyar da ɗan takararta na gwamna ya fi samun ƙuri'u a mazaɓar, wato yankin da rumfar take, a zaɓen gwamna da ya gabata, mataimakinsa kuma daga jam'iyyar da ta zo ta biyu. Saboda haka a babban zaɓe jam'iyya gabatarwa kawai take yi, kuma doka ta tanadi kada ta zama ita kaɗai a rumfa.

Malama Mai Nazari:
Haka abin yake, sai dai kowace jiha da tsarinta. A Ilinoi ana sanya alƙalai 5 a mazaɓa, 3 daga jam'iyya ɗaya, 2 daga ɗayar, sannan kotun yanki ta tabbatar da naɗinsu. A Minesota doka ta hana fiye da rabin alƙalan rumfa su fito daga babbar jam'iyya guda, sai dai in adadinsu bai rabu biyu daidai ba. A Fensilbaniya kuwa jama'ar mazaɓa ne ke zaɓen alƙalin da ƙuri'arsu na wa'adin shekara 4. A ganina hikimar ita ce, abokin hamayya ya fi kowa lura da kuskurenka, kodayake tsarin yana tauye ƙananan jam'iyyu da masu zaman kansu, tunda 'yan Dimokurat da Rifablikan ne ke cike yawancin guraben.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Malama. To idan jam'iyya ta kasa kawo isassun sunaye fa?

Ɗalibin Shari'a:
A nan hukumar da ke naɗin takan cike gurbin da wasu masu rajistar zaɓe da suka cancanta, tana ƙoƙarin kiyaye daidaiton jam'iyyu gwargwadon iko.