Neman kalma: me za mu kira PPS da Hausa?

Sani: Assalamu alaikum. Ana rubuta bayanin yadda ake saita agogon kwamfuta da GPS, sai aka maƙale a kan PPS, wato siginar lantarki da na'urar karɓar GPS ke fitarwa sau ɗaya a farkon kowane sakan. An kawo shawara biyu: "alamar daƙiƙa" da "bugun daƙiƙa". Masana, me kuka gani?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Sani. A cire "daƙiƙa" tukuna. Wasu sakan suke nufi da ita, wasu minti, kamar yadda take a Larabci, kuma aikin da ake auna kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba ya son wannan ruɗani. A bar "sakan".

"Alama" kuma ta yi faɗi, domin na'urar abu biyu take bayarwa. Na farko saƙon rubutu ne, NMEA, mai faɗin kwanan wata da awa da minti da sakan. Yana bin layin siriyal, wato wayar da ke kai bayanai ɗaya bayan ɗaya, galibi a gudun bit 9600 a sakan, yakan makara da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) ɗari ko fiye, kuma makarar tana canzawa. Na biyu shi ne PPS. Babu lamba ko ɗaya a cikinsa, iyakarsa ya ce "yanzu", amma kuskurensa bai wuce gomman nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan) ba. Dukansu alama ne, ɗaya ne kawai bugu.

Bashir: To "ƙyaftawar sakan" fa? Fitilar da ke jikin na'urar ai ƙyaftawa take yi.

Umar: A'a, ɗan'uwa, fitilar shaida ce kawai. Kwamfuta ba haske take dubawa ba, lokacin da wutar ta tashi daga sifili zuwa bolt 3.3 take kamawa. Shi ya sa "bugu" ta fi: tana ba mu "tashin bugu" da "saukar bugu", kuma ana bukatar duka biyun. A na'urori da yawa bugun yana ɗaukar milisakan 100, tashinsa ne farkon sakan. Idan aka bi da shi ta MAX3232, guntun lantarki mai daidaita ƙarfin sigina, zuwa fil na 1 na mashigar siriyal, wato DCD, siginar juyewa take yi. Wanda bai lura ba sai ya kama saukar, agogo ya zauna daram, amma da kuskuren milisakan 100 cif. A fara gwadawa da manhajar ppstest a kan /dev/pps0, sunan mashigar bugun a Linux. A kuma guji shigar da bugun ta USB, domin jinkirinta kan kai milisakan ɗaya, alhali siriyal ta gaske ko fil ɗin GPIO (fil ɗin shigar da sigina na kan allon kwamfuta) na sauko da kuskure zuwa 'yan maikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan).

Injiniya Hadiza: Haka ne, Malam Umar. Ya kamata bayanin ya faɗi dalilin wannan wahala. Kiristal ɗin agogon kwamfuta da ya kauce da kashi 20 cikin miliyan zai yi gaba ko baya da sakan 1.7 a kowace rana, zafi da sanyi kuma suna sauya kaucewar. NTP, hanyar saita agogo ta intanet, tana gyarawa zuwa 'yan milisakan, sai dai ba ta iya tantance bambancin jinkirin zuwa da na dawowa.

Sani: Ke nan mun tsaya a kan "bugun sakan", NMEA kuma "saƙon lokaci". Akwai mai ja?

Umar: Babu. Sai dai a rubuta ƙarara cewa bugun sakan shi kaɗai ba ya wadatarwa, tunda bai san wane sakan yake bugawa ba. A chrony, manhajar saita agogo, ana ɗaure shi da saƙon lokacin da gpsd, manhajar karanta na'urar GPS, ke kawowa, da umarnin lock, a sa wa saƙon noselect don kada a saita agogo da shi kai tsaye, a gyara makararsa da offset. In makarar ta yi yawa ba a gyara ba, chrony zai ƙi bugun ko ya jingina shi ga sakan na kusa. In kuma aka ga tazarar sakan 18 daidai, lokacin GPS ake karantawa maimakon UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, domin tun 2017 tazararsu ke nan.